Kakin zuma cikin man shafawa, a ina na kuskure?

Uwar Biyu, Sabon Gari

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina kwananku, ya sanyi ya ƙura. Don Allah masu sani ku taimaka mini a kan kakin zuma, abin ya tsaya mini a rai kwana biyu.

Shekara ta uku ke nan ina haɗa man shafawa a gida, man kaɗanya ne da man riɗi da ɗan turare, ina zubawa a ƙananan robobi ina saida ma maƙwabta da matan da muke adashi tare, ba wata babbar sana'a ba ce amma tana rufa asiri. Matsalata tun farko zafi ne, kun dai san garin nan in wata na 4 da na 5 suka kama, man sai ya koma ruwa tsululu cikin roba, akwai wadda ta sa nawa a jaka ta tafi suna ya zube mata cikin sabuwar atamfa, wlh har yau in na gan ta kunya nake ji. To sai wata ta ce mini in riƙa sa kakin zuma zai riƙe shi. Ran Alhamis da ta wuce na shiga kasuwar Dole na samu wani mai zuma na sayi dunƙule guda, launinshi ya yi duhu kamar mazarƙwaila, da 'yan baƙaƙen abubuwa a jiki. Na zo gida na ɗora tukunya bisa gawayi na jefa shi ya narke, na zuba mai daidai yawan kakin, wato rabi da rabi, na juya na zuzzuba.

Da ya huce sai ya fito da tauri kamar sabulu, sai an sa farce an kankara, ga warin hayaƙi ya danne turaren, ga baƙin gari ya kwanta a gindin kowace roba. Duk da haka innata ta ɗauki guda don tana fama da faso duk hunturu har jini yake yi, ita kam ta ce ba ta taɓa samun abin da ya yi mata kamar shi ba. Amma ɗiyata mai shekara 15 ta shafa a fuska kwana huɗu sai ga ƙananan ƙuraje sun feso mata a goshi, wata maƙwabciya kuma da ta shafa a leɓe ta ce ya yi ta mata ƙaiƙayi har ya ɗan kumbura ya yi ja.

Yanzu ban san ba ko kakin ne na jabu, ko ni ce na cika shi, ko kuwa dama ba abin shafawa ba ne a fuska. Kuma mata na ta tambayata wai an ce yana haska fata yana maganin kyasbi da ƙuna, ni ban son in faɗa ma mutane abin da ban tabbatar ba don in saida roba biyu. Wanda ya sani don Allah ya warware mini. Na gode.

Hajiyar Birni

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi ma sana'a albarka. Ki kwantar da hankalinki, kakin bai ɓaci ba, robobin nan ma duk za su gyaru.

Rabi da rabi ya yi yawa ƙwarai. Kaki gishirin miya ne, ba shi ne miyar ba. Ni na fi shekara 20 ina wannan haɗin, kuma da kofin shayi nake awo, amma sai na narka kakin tukunna nake aunawa, don in kin kankare shi kin cika kofi rabin kofin iska ce. Na jiki lokacin sanyi, kofi 1 na kaki nake sa ma kofi 6 na mai, tunda kaɗanya da kanta tana daskarewa a sanyi ba ta buƙatar taimako da yawa. In bazara ta shigo sai in koma 1 cikin 4, wato kofi 1 na kaki ga kofi 4 na mai, shi ne ba ya zubewa a jaka. Na faso da na leɓe 1 cikin 3, ya ɗan yi tauri don ya zauna a wurin. Kin ga naki da ya yi 1 cikin 1 ai dole ya yi ma dugadugan inna daɗi ya ƙi sauran jiki.

Kafin ki zuzzuba a robobi ki ɗiga kaɗan a bayan cokali ki ajiye bisa gindin randa, minti biyu ya daskare, ki taɓa da yatsa. In yatsa ya shiga ya ɗauko ba wahala to ya yi, in ya yi tauri ki ƙara mai, in ya yi ruwa ki ƙara kaki. Wannan ɗan gwajin ya fi miki kowane lissafi, don man kaɗanyar wannan kasuwa da na waccan ba taurinsu ɗaya ba.

Sai wanki, nan ne babban kuskurenki. Kakin da aka sayo hannun mai zuma ba a zuba shi cikin mai kai tsaye, akwai ƙafar ƙudan zuma a ciki, akwai toka, akwai ƙasa, akwai sauran zuma. Ki farfasa shi ki sa a tukunya da ruwa mai yawa, in kina da ruwan sama da kika tara ya fi, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan har ya narke, kar ki bari ya yi ta tafarfasa. Ki tace da tsohon ɗankwali na auduga mai tsabta cikin wani kwano, ki rufe ki bar shi ya kwana kar kowa ya motsa shi. Da safe za ki tarar ya taso saman ruwa ya yi faifai guda, ƙasanshi akwai datti kamar laka, ki sa wuƙa ki kankare ki zubar. Ki sake haka sau biyu, in ya cika duhu sau uku. Ki bar shi a inuwa ya bushe sarai kafin ki haɗa da mai.

Kuma ki daina ɗora shi bisa wuta tsirara. Tukunya da ruwa a ƙasa, kwanon kakin a cikin ruwan, zafin ruwan ne zai narka shi. Wuta tsirara tana ƙona shi ya yi duhu ƙamshin ya tafi, kuma yana kamawa da wuta kamar man suya, na ga wadda ya kama ma a kicin ta watsa ruwa wutar ta yi sama ta lashe mata gira da gefen ɗankwali. In ya kama, murfi ake kifawa. Tukunyar baƙin ƙarfe ma tana baƙanta shi, ki samu kwanon silba ko langa wadda ba ta ɓare ba ki ware ta don wannan aikin kaɗai, don kaki ba ya fita da wanki da daɗi.

Robobin da kika riga kika zuba, ki juye su duka ki narka cikin ruwan zafi, ki tace, ki ƙara mai. Turare kuwa sai kin sauke ya fara hucewa ki sa, in ba haka ba zafi zai tafi da shi.

Ɗan Magarya

Salam. Hajiya ta gama magana a kan haɗi, ni zan ɗan ce wani abu a kan kakin kanshi don a gidan masu amya na tashi, mahaifina har yanzu yana da amya bisa itatuwa can wajen Magarya.

Yaya abin da kika kwatanta ya fi kama da kakin gaske amma na tsohuwar saƙa. Saƙar zuma iri biyu ce cikin amya, akwai sabuwa wadda ƙuda suka zuba zuma kaɗai, ita fara-fara ce ko ruwan ɗorawa, akwai kuma tsohuwa wadda suka yi ta ƙyanƙyasar 'ya'ya a ciki, ita ce baƙa, kowane ɗa da ya fita yana barin 'yar rigarshi a ramin. Mutanenmu in sun sauke amya da dare da wutar kara, duka suke haɗawa su matse ko su dafa, shi ya sa kike jin hayaƙi. Wanki zai rage dattin amma warin hayaƙi ba ya fita duka, in don shafawa ne ki ce ma mai zuman ya ware miki na sabuwar saƙa ko da zai ɗan ƙara kuɗi.

Mutane da yawa sun ɗauka daga fure ƙuda ke ɗauko kaki, a'a daga jikinsu yake fita. Ma'aikatan ƙuda matasa, waɗanda suka yi kamar mako biyu da fitowa, suna da wurare 8 a ƙarƙashin ciki inda yake tsattsafowa kamar 'yar ɓawon kifi, fari tas, su tauna shi su gina saƙa, daga baya garin fure ne ke rina shi ya koma rawaya. Kuma ba arha yake zo musu ba, ana ƙiyasta sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin su fidda kilo 1 na kaki. Wannan ne ke ƙona mini rai in na je gida na ga an matse zuma an watsar da saƙar bayan danga kaji na tona, ko a ba yara su tsotse su tofar. A Habasha da Tanzaniya kakin nan kaya ne da ake fitarwa ƙasashen waje, mu nan tsakanin Magarya da Matamaye zubarwa ake yi, sa'an nan mu zo birni mu sayi pomad ɗin waje da tsada wanda in ka juya bayan kwalbar za ka ga an rubuta Cera alba ko cire d'abeille, kakin nan ne dai da muka zubar.

Na jabu kuwa akwai shi, buji, wato kyandir, suke narkawa su haɗa don ya yi yawa, wani har da ɗan kala. Ga yadda baba ya koya mini. Ki shinshina, na gaske ko an wanke shi yana da ɗan ƙamshin zuma. Ki karya shi da safe lokacin da yake da sanyi, cikin na gaske ba ya sheƙi, yana da ɗan tsaki-tsaki, mai buji kuwa sumul yake yana ƙyalli. Ki ɓalli kaɗan ki murza tsakanin yatsu, na gaske in ya ji ɗumin hannu zai yi laushi ya lanƙwasu kamar danƙo, mai buji da yawa marmashewa yake ko ya bar miki santsin mai. Amma gaskiya in kaɗan aka haɗa hannu da hanci ba za su gane ba, abin da ya fi shi ne ki sayi saƙar da kanta ki narka da hannunki, a nan ba mai cutarki.

Malamar Likita

Sannunku duka. Hajiya ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan amsa ɓangaren fata don shi ne na ga ya fi damun Uwar Biyu, kuma na ji daɗi da kika ce ba ki son ki faɗi abin da ba ki tabbatar ba.

Ƙanwata kaki ba ya ƙara ma fata ruwa ko ɗigo ɗaya. Aikinshi murfi ne. Fatar mutum kullum ruwa na fita daga cikinta ko ba a yi zufa ba, in iskar hunturu ta zo busasshiya sai fitar ta ƙaru, fata ta bushe ta tsage. Kaki da mai suna yin shimfiɗa siririya a sama su rage wannan fitar, su kuma tare iska da ƙura. Shi ya sa lokacin shafawa ya fi komai, in aka fito wanka jiki da sauran danshi a shafa, sai ya rufe ruwan a ciki. In kika shafa a fatar da ta riga ta bushe ƙamas kin rufe randar da ba ruwa ne. Inna ta riƙa jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 10 da dare, ta goge kaushin a hankali da dutse, ta tsane, ta shafa ta sa safa ta kwana da ita. Abu ɗaya dai, in tana da ciwon suga, faso mai jini ba na gida ba ne, a kai ta likita a duba ƙafar, kuma kar a sa reza.

Dalilin da ya sa yake riƙe man a bazara, kaki sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 65 yake narkewa, man kaɗanya kuwa ɗumin jiki ma narka shi yake, ga garinmu yana wuce 40 a inuwa. Shawarar da aka ba ki daidai ce, yawan ne ya wuce.

Ɗiyarki kuma, yarinya mai shekara 15 fuskarta da kanta take fidda maiƙo, ba ta buƙatar murfi mai kauri haka, balle wanda rabinshi kaki ne mara wanki. Maiƙo da zufa da ƙura sun taru ƙarƙashi sun toshe ƙofofin gashi. Ta daina sawa a fuska, ta riƙa wankewa da sabulu mara ƙarfi safe da dare, kar ta matsa, yawanci suna kwantawa da kansu. Hakanan yara masu ƙurajen zafi a wuya da baya kar a shafe su da shi a bazara, ƙara musu zai yi.

Ta maƙwabciyarki daban ce, ita ce ma na fi so ki kula. Ƙaiƙayi da ja da kumburin leɓe alama ce jikinta bai karɓi wani abu a ciki ba. Sau da yawa ba kakin kanshi ba ne, wani danƙo ne da ƙuda ke tarowa daga itatuwa suna liƙe ramukan amya da shi, a likitance propolis ake ce mishi, yana saura cikin kakin da ba a tace sosai ba kuma an san shi da tada irin wannan ga wasu mutane. Turaren da kika sa ma zai iya zama shi ne. Ta daina gaba ɗaya, ko kin gyara haɗin kar ta koma sa shi a leɓe. Na leɓe ki daina sa mishi turare kwata-kwata don lasa ake yi. Kuma duk sabuwar mai saye ki ce ta shafa kaɗan a cikin hannu wajen gwiwa ta bari kwana 2, in ba ja ba ƙaiƙayi ta ci gaba. In kumburi ya kai fuska ko harshe ko numfashi ya yi wuya wannan gudu ake yi zuwa likita.

Haska fata, a'a. Ba ya haskawa, ba ya kare rana. Fatar da ta yi furu-furu in ta samu mai tana sheƙi launinta na asali ya fito, shi ne mata ke cewa sun yi haske. Don Allah kar wata ta sa ki zuba mayukan bilicin ɗin nan na tub a cikin haɗinki don kasuwa ta buɗe, ina ganin abin da suke yi ma mata kullum, fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa har a hannu, ciwo kaɗan ya ƙi warkewa. Kyasbi da makero kuwa ƙwayar cuta ce irin ta naman gwari, maganinsu na farmasi, kyasbi ma maiƙo yake so, in aka lafta mai a kai daɗi yake ji. Ƙuna sabuwa ba a sa mata kaki ko mai ko man goge baki, ruwa mai sanyi ake ta zubawa kamar minti 20 a rufe da tsumma mai tsabta, in babba ce ko yaro ne a tafi likita. Bayan ta warke fata ta rufe, nan man naki zai yi amfani don wurin kar ya bushe ya yi ta ƙaiƙayi.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma na san za a ba ki shawararshi, wai ki zuba ruwa ko zuma ko ruwan lalle don ya yi laushi kamar kirim na kanti. Kar ki yi. Kaki shi kaɗai ba ya riƙe ruwa da mai wuri ɗaya da kyau, za su rabu, kuma duk inda ruwa ya shiga funfuna na biye da shi. Akwai tsohon haɗi mai ruwa da ake danganta ma wani likita mai suna Galen na ƙarni na 2, har yau farmasi a Faransa suna haɗa shi da sunan cérat de Galien, cikin garam 100 farin kaki garam 13 ne kacal, sauran man almon da ruwan wardi da ɗan boraks da ke taimakawa su haɗu, kuma shi ma ba ya daɗewa. Naki da ba ruwa a ciki ya fi shi jure ajiya a garin da kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa.

Mai Butik, Zango

Ni fa ku yi haƙuri ban ga abin wahala ba a nan. A wanke sau uku, a tace, a auna, a gwada kwana biyu, duk don me? Basilin na nan cike da butik, mai dala ɗari ma ya samu, mu da shi aka shafe mu muka girma ba wanda leɓenshi ya kumbura. Malama ki faɗi gaskiya tsakaninki da Allah kakin ya fi basilin ne?

Malamar Likita

Malam tunda ka haɗa ni da Allah, a wajen hana ruwa fita daga fata basilin mai kyau ya fi kaki, kuma da wuya ka ga wanda jikinshi ya ƙi shi, shi ya sa mai fata mai saurin tashi da jarirai shi nake fara ce musu su nema, fari wanda ba turare. Ban ce kaki ya fi ba. Amma ba aiki ɗaya suke ba. Ita tambayarta yadda man kaɗanyarta zai tsaya ne kar ya zube, basilin ba zai yi mata wannan ba don shi ma laushi yake a zafi. Kuma mai kaki ya fi zama a dugadugi da leɓe da hannun mai wanki, ba ya gogewa da wuri, ba ya kuma danƙo a jiki kamar basilin in an yi shi daidai.

Hajiyar Birni

Ɗana mai butik, ka saida basilin ɗinka Allah ya kawo kasuwa. Amma ka shafa shi ka hau moto daga Zango zuwa Kara-Kara cikin ƙurar nan ka dubi ƙafarka in ka sauka. Kuma yarinyar nan kaɗanya da riɗi da kaki duk na ƙasar nan take saye, ita ta samu, mai amya ya samu.

Baduku

Salam alaikum. Ni sana'ar fata nake, tun ina yaro da kaki muke murza zare kafin ɗinki don ya yi ƙarfi kar ya tsinke kar ruwa ya ci shi. Yatsuna biyu da nake jan zare da su ban taɓa ganin sun tsage a hunturu ba, sauran hannun kuwa yana yi. Abin da zan ce ma Uwar Biyu shi ne kar ki sayi kaki wajen masu kayan dukanci don shafawa, namu ba ruwanmu da tsabtarshi, wani an haɗa da buji wani ya sha jima da rini a hannunmu. Na zare daban na jiki daban.

Uwar Biyu, Sabon Gari

Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na yi shiru kwana takwas, so na yi in gwada tukunna in dawo da labari. Allah ya saka ma kowa da alheri, Hajiya Allah ya ƙara girma, Malama Allah ya biya ki.

Sauran dunƙulen da ya rage na wanke shi yadda Hajiya ta ce, wankin farko ruwan da ya fito kamar an dafa shayi ya yi baƙi, abin da na kankare a ƙasa ya kusa cika gwangwanin tumatir, na tsaya ina kallo ina tuna wai wannan ne ɗiyata ta shafa a fuska, sai da jikina ya yi sanyi. A na uku ya fito rawaya mai ɗan duhu, na karya shi da safe cikinshi ba sheƙi, na murza ya yi laushi, ina jin na gaske ne kamar yadda Ɗan Magarya ya ce. Hayaƙin ya ragu sosai amma in ka kai hanci kusa yana nan.

Robobin da na saida guda 7 na bi gida-gida na karɓo, na maida ma maƙwabciyata kuɗinta na gaya mata abin da Malama ta ce, leɓen ya saɓe ya koma daidai bayan ta daina. Na narke su cikin ruwan zafi na tace sau biyu na ƙara mai har ya kai 1 cikin 6, na gwada a cokali bisa randa, yanzu yatsa na shiga kuma yana bin jiki. Na inna na bar mata 1 cikin 3, tana jiƙa ƙafa tana sa safa, tsagar ta fara haɗewa, suga kuma an auna ta da azumin bara ba ta da shi amma zan sake kai ta. Goshin yarinya ya fara kwantawa, na hana ta taɓa robar.

Abu ɗaya ya rage, wasu robobin da suka kwana sai na ga man ya yi 'yan ƙwayoyi kamar tsakin gero a ciki, suna narkewa in an murza a hannu amma ba kyan gani, mai saye za ta ce ya lalace. Ko kakin ne bai narke duka ba? Ɗan Magarya kuma don Allah in za ka gida ka yi mini magana da baba, sabuwar saƙa nake so ko ta jikka biyu ce in fara da ita.

Hajiyar Birni

Ba kakin ba ne ɗiyata, halin kaɗanya ne in ta huce a hankali sai ta yi wannan tsakin. Ki sake narkawa ki bar shi cikin ruwan zafin ya ɗan jima har ya yi garau ba ko ƙwaya, ki sauke ki yi ta juyawa har ya fara kauri, ki zuzzuba ki jera robobin cikin faranti mai ruwan randa ya kai rabinsu don su daskare da sauri, in da firigo ma ya fi. Kar ki rufe su sai sun huce sarai, in ba haka ba tururi zai taru a murfi ya ɗiga ciki. Da asuba nake nawa lokacin da gari ke da sanyi.

Ɗan Magarya

To Yaya, ran Juma'a zan tafi in sha Allah, zan ce ma baba duk amyar da zai sauke ya ware farar saƙa daban kar a haɗa ta da baƙar, kuma a matse da hannu kar a dafa. In na dawo zan aiko ƙanena da ita Sabon Gari, ki tanadi bokiti mai murfi don ƙuda na bin ƙamshinta har cikin ɗaki.